Karɓa-karɓar Jinya a Zangon Daura

A ƙasar Zango, garin da sarakunan Haɓe na Daura suka zauna bayan jihadin ƙarni na 19, jinyar tsoho ko maras lafiya nauyi ne na gida baki ɗaya. A zamanin gandu, 'ya'ya maza da matansu suna zaune tare da mahaifinsu, don haka jinya takan zagaya kamar girki. Idan ciwo ya daɗe, akan aika wa 'ya mai aure ko ƙanwa ta zo ta karɓi mai jinya na wasu kwanaki.

Ba kullum majinyaci ke yarda ba. Tsoho yakan ji kunyar baƙon hannu wajen wanka da kewayawa, mai jinya kuma takan ji tsoron a ce ta gaji da iyayenta. Shi ya sa akan sa wanda ake jin nauyinsa, kamar yaya, amini ko liman, ya lallashe shi. Ba a ce masa ya zama wahala. Akan ce wance ma tana neman ladan hidimarsa, kada a hana ta.

Daga ƙarni na 20, watsewar gandu da tafiya ci-rani sun rage hannaye a gida. Zuwan asibiti ya ƙara wani aiki, domin dangi ne ke kwana da majinyaci suna kai masa abinci. A yau 'yan'uwa sukan raba kwanaki ta waya, na nesa kuma su aiko da kuɗin magani.