Tarihin fitilar da ta gyara launin kaya a shago

Duk mai sayar da shadda ko atamfa a cikinmu ya san yadda mai saye ke ɗaukar yadi ya fita da shi bakin ƙofa don ya ga launinsa a rana. Bai yarda da hasken shago ba, kuma yana da gaskiya. Masana sun yi kusan shekara ɗari suna neman fitila mai ƙarfi wadda ba ta ɓata launi.

A 1901 wani Ba'amurke, Peter Cooper Hewitt, ya fito da fitila mai aiki da tururin zaiba. Haskenta na da ƙarfi, sai dai shuɗi ne mai kore-kore, babu ja a cikinsa. A ƙarƙashinta nama yakan yi duhu, fuskar mutum ta zama kamar ta mara lafiya.

A farkon shekarun 1960 Gilbert Reiling na kamfanin General Electric ya ƙara gishirin wasu ƙarafa, har da sodiyam, a cikin ɗan bututun da ke tsakiyar ƙwan, sai hasken ya yi fari. Amma bututun na gilashin kwats ne, sodiyam kuma yana sulalewa ta jikinsa a hankali. Shi ya sa ƙwai biyu da aka saya rana ɗaya, bayan watanni ɗaya zai karkata zuwa kore, ɗayan zuwa ruwan hoda.

Maganin ya fito daga fitilun titi masu hasken ruwan lemo, waɗanda bututunsu na tangaran ne da ake yi da alumina. Tangaran ɗin yana jure zafin da ya fi na kwats, kuma yana riƙe sodiyam. Kamfanin Thorn na Ingila ya nuna fitilar gishirin ƙarafa mai bututun tangaran a baje kolin Hanoba ta Jamus a 1981. Philips ne ya shigar da ita kasuwa sosai a 1994 da sunan CDM. Yau an fi kiranta CMH.

Akwai ma'aunin gaskiyar launi da ake kira CRI, inda hasken rana ke da maki 100. Fitilar titi mai ruwan lemo tana samun kusan 25, mai bututun kwats kusan 65 zuwa 70, ita kuwa CMH daga 80 har sama da 90. Tana ba da kusan lumen 90 a kowane wat, tsohon ƙwai mai zare kuwa bai cika wuce 15 ba. Manyan kantunan tufafi a Turai suka rungume ta.

Tana da nata aibi. Takan ɗauki mintuna kafin haskenta ya cika, in an ɗauke wuta kuma sai ta huce kafin ta sake kamawa, abin da ba ya yi mana daɗi a nan. Akwai zaiba a cikinta, don haka kada a fasa tsohon ƙwai ko a bar wa yara. Yanzu LED ta karɓe mata kasuwa.

Abin da za mu ɗauka daga wannan tarihi shi ne, in za mu sayi fitilar shago kada mu tsaya ga wat kawai. Mu duba kwali mu nemi CRI 90 ko sama, musamman masu yadi, nama da kayan gwari. Allah ya sa albarka a kasuwancinmu, amin.