Mai Hoto Ya Zo

Mu da muka tashi a ƙauyukan Bichi da Ɗambatta a shekarun 1990, hotonmu na ƙuruciya bai wuce biyu ba. Mai hoto kan zo a keke ranar suna ko Sallah, ya rataya zane a katanga, a rangaɗa mana kwalli. Fim kuwa sai ya cika ake kai shi Kano a wanke, mu yi ta zuba ido.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001. Da masu kyamara suka yawaita, kasuwarsa ta mutu. Amma hotunansa na nan a akwatunan iyayenmu mata. Na 'ya'yanmu dubbai ne, sai dai ranar da waya ta ɓata, sun tafi ke nan. Mu riƙa wanke kaɗan muna adanawa.