Daga Wace Rana Ake Ƙirga Shekara Shida? Nazarin Wa'adin Ƙarar Bashin Obadiraf a Babban Birnin Tarayya, Abuja

Tsakure

Maƙalar ta duba lokacin da banki ke rasa ikon kai mai asusu kotu a kan tsohon bashin obadiraf a Abuja. Ta gano cewa wa'adin shekara 6 da doka ta yanka ba ya soma tafiya sai banki ya nemi a biya shi, don haka ranar farawa tana hannun mai bin bashi. Maƙalar ta nemi a taƙaita wannan ƙa'ida.

Gabatarwa

Obadiraf izini ne da banki ke ba mai asusu ya ciri kuɗi fiye da abin da ya ajiye. 'Yan kasuwa da 'yan kwangila a Abuja sun dogara da shi ƙwarai, musamman masu jiran gwamnati ta biya su. Dokar Ƙayyade Wa'adin Ƙara, wadda ta samo asali daga dokar soja mai lamba 88 ta 1966 kuma take babi na 522 a kundin dokokin Abuja na 1990, ta hana shigar da ƙarar yarjejeniya ta yau da kullum bayan shekara 6 daga ranar da dalilin ƙara ya taso. In yarjejeniyar mai hatimi ce, shekara 12 ne. Tambayar ita ce: wace rana dalilin ƙara ke tasowa?

Waiwaye

Ra'ayin da ya yaɗu a kasuwa, cewa bashin yana mutuwa shekara 6 bayan biya na ƙarshe, ba ya buƙatar dogon raddi. A shari'ar Egbe da Adefarasin ta 1987, Kotun Ƙoli ta nuna cewa cikar wa'adi ikon ƙara kawai yake ɗaukewa. Bashin yana nan.

Jayayyar wannan maƙala da waɗanda ke faɗaɗa hukuncin Ishola da Societe Generale Bank na 1997 ce. A can Kotun Ƙoli ta ce a hulɗar banki da mai asusu akwai sharaɗin da ba sai an rubuta ba, wato babu ikon ƙara a kan obadiraf sai an nemi biya ko an ba da sanarwa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta bi wannan hanya a shari'ar Kolo da First Bank ta 2003. Masu kare bankuna sun ɗauki hukuncin a matsayin izinin jira marar iyaka. A Ingila ba haka aka faro ba: a shari'ar Parr's Banking da Yates ta 1898, wadda ta shafi wanda ya tsaya wa mai asusu, kotu ta ƙirga wa'adin daga ranar da aka ba da kowane kuɗi. Sai a dokar 1980 majalisar ƙasar ta ɗaura wasu basussuka marasa ranar biya da rubutacciyar takardar nema. Can majalisa ce ta yi gyaran, a nan kuwa kotu ce ta shimfiɗa ƙa'idar ba tare da iyaka ba.

Hanyar Bincike

An karanta nassin dokar tare da hukunce-hukuncen da aka ambata, aka gwada su da dokokin AMCON, hukumar da ke sayen basussukan bankuna, da NDIC, hukumar inshorar ajiyar banki.

Sakamako

Babban abin da aka gano shi ne ƙa'idar nema ta juya manufar dokar. An yi dokar wa'adi ne don kada mai haƙƙi ya yi barci a kan haƙƙinsa har shaidu su mutu, takardu su ɓace. A ɗauki misalin ɗan kasuwa a Wuse da ya ci obadiraf a 2012, ya daina zuba kuɗi a 2013. In bankin bai rubuto masa ba sai 2023, yana da damar kai shi Babbar Kotun Birnin Tarayya har 2029, shekara 16 bayan asusun ya tsaya, kuɗin ruwa kuma yana ta hauhawa. Bankin da ya yi sakaci ya fi wanda ya yi hanzari cin riba. Ba za a ce wannan ne nufin masu dokar ba.

Ana iya taƙaita ƙa'idar nema ta hanyoyi uku, ba tare da saɓa wa Kotun Ƙoli ba. Na farko, sharaɗin nema na cike giɓi ne, yana aiki inda ɓangarorin ba su yanka ranar biya ba. Takardun tayin obadiraf kan ambaci wa'adi, kwana 90 ko wata 12. Inda aka rubuta rana, daga ita ya kamata a ƙirga. Na biyu, takardar nema ta farko ce ke tayar da dalilin ƙara. Ta biyu da ta uku tuni ne kurum, domin in kowace wasiƙa tana sabunta wa'adi, dokar ta zama banza. Na uku, inda banki ya rufe asusun ko ya kira bashin baki ɗaya, wannan sanarwa ce, ko da bai sa mata sunan takardar nema ba.

Abin da ke sabunta wa'adi da gaske daga wajen wanda ake bi yake zuwa: amincewa da bashin a rubuce da sa hannu, ko biyan wani ɓangare. Mutumin da ya rubuta wa manaja yana roƙon a yafe masa kuɗin ruwa yana iya mayar da ƙirgen zuwa farko bai sani ba.

Akwai kuma basussukan da wa'adi bai shafa ba. Sashe na 44 na dokar NDIC ta 2006, wadda ta yi aiki har 2023, ya cire bashin bankin da ya durƙushe daga dokar wa'adin Abuja da ta jihohi, dokar AMCON ta 2010 da gyare-gyarenta ma ta yi haka ga basussukan da hukumar ta saya. Tun 1 ga Agusta 2020 kuma, tsarin GSI na Babban Bankin Nijeriya ya ba banki damar cirar kuɗi daga asusun mai bashi a wasu bankuna ta lambar BVN, muddin ya sa hannu a kan izinin, ba tare da an je kotu ba.

Iyakar Bincike

Binciken ya tsaya ga Abuja da hukunce-hukuncen manyan kotuna da aka buga. Bai shiga batun jingina ba, kuma jihohi irin su Ribas suna da wa'adin shekara 5. Wannan bai taɓa hujjar da aka kafa ba.

Kammalawa

A Abuja, obadiraf marar ranar biya yana fita daga ikon kotu shekara 6 bayan nema na farko, in babu amincewa ko biya a tsakani, kuma in bashin bai koma hannun AMCON ko NDIC ba. Ya kamata Majalisar Dokoki ta Ƙasa, wadda ke yi wa Abuja doka, ta yanka iyakar lokacin da banki zai nemi biya bayan asusu ya tsaya. Kafin nan, alƙalai su riƙa duba takardar tayi da wasiƙar farko kafin su karɓi ranar da banki ya zaɓa wa kansa.