Kifin ruwan zartsi a akwatin gilashi: wanne ya dace da gidan Wagadugu

Ruwan zartsi, wanda Faransanci ke kira eau saumâtre, shi ne ruwan da gishirinsa ya fi na kogi amma bai kai na teku ba. Lita ɗaya ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, na kogi bai kai rabin giram ba, zartsi kuwa yana tsakani. Burkina Faso ba ta da gaɓar teku, saboda haka mai son ajiye kifin irin wannan ruwa a Wemtenga ko wata unguwa ta Wagadugu da hannunsa zai haɗa ruwan. Abin sha'awa, kogin Nakambe da aka tare a madatsar Ziga, wadda ke shayar da birnin, shi ne ke gangarawa Gana ya shiga Bolta, ya haɗu da teku a Ada, inda yake zama zartsi. Hausawan zangon Kwatano sun san tafkin Nokoué, na Abijan sun san Ébrié, na Gana sun san Keta. Duka gidajen wannan kifi ne.

Dalilin da ya sa ba kowane kifi ke jure gishiri ba yana cikin jikinsa. Jinin kifin kogi ya fi ruwan da yake ciki gishiri, sai ruwa ya riƙa shiga jikinsa, shi kuma yana fitar da shi ta fitsari. Kifin teku akasin haka ne: ruwa ke tsere masa, sai ya sha na teku ya fitar da gishirin ta ƙofofin numfashi da ke gefen kansa. Kifin zartsi yana iya sauyawa daga wannan hali zuwa wancan, in an bi shi a hankali. Tarwaɗa da kurungu da jan kifin ado da ake kira poisson rouge ba na wannan akwati ba ne. Haka talibamban na kogunan Neja da Bolta: 'yan uwansa na Asiya suna son zartsi, amma shi na ruwan daɗi ne, kuma mafaɗaci ne da ba ya zama da kowa.

Ga mai farawa, babu kamar molly. Asalinsa daga nahiyar Amurka yake, ba shi da tsada, yana cin abincin kifi na gwangwani da gansakuka, yana zama a ruwan daɗi da na zartsi duka, kuma haihuwa yake yi, ba ya zuba ƙwai. Akwati mai lita 80 zuwa 100 ya ishi garke kaɗan, a sa mata biyu ko uku ga kowane namiji don kada ya gajiyar da ɗaya. Sai dai masu sayarwa galibi a ruwan daɗi suke ajiye shi, don haka a fara da ruwan da ya saba, a riƙa ƙara gishiri kaɗan-kaɗan cikin makonni.

Daga gaɓar Afirka ta Yamma akwai uku da suka cancanci a sani. Aplocheilichthys spilauchen ƙaramin kifi ne, bai wuce santimita 7 ba, mai ido kamar an kunna fitila, mai son zama cikin garke. Shi ya fi dacewa da ƙaramin ɗaki. Monodactylus sebae fari ne kamar azurfa, da baƙaƙen layuka a tsaye, kuma nan ne mutane suka fi ruɗuwa: ana sayar da shi yana ɗan ƙarami, ya girma ya kai santimita 20 ko fiye, yana buƙatar garke da lita ɗaruruwa, kuma yana ƙara son gishiri yayin da yake girma. Wanda ba shi da fili ya bar shi a shago.

Na ukun shi ne Periophthalmus barbarus, kifin laka mai idanu a saman kai, wanda ke fitowa tudu yana jan jiki da fikafikan ƙirjinsa. Yana shan iska ta fata da cikin baki muddin jikinsa na da laima. Akwatinsa rabi ruwa ne rabi tudu na yashi da itace, ruwan kuma ba mai zurfi ba. Murfi wajibi ne, don yana hawa yana tsalle, kuma busasshiyar iskar hunturu tana busar masa da fata. Maza suna faɗa kan yanki, saboda haka ɗaya shi kaɗai ya fi zama lafiya. Abincinsa ƙwari ne da tsutsa da jatan lande.

Ƙarfasa mai baƙin haɓa, Sarotherodon melanotheron, wadda masunta ke kamawa a Nokoué, ta fi kusan kowa jure gishiri, kuma namiji ne ke riƙe ƙwai a baki. Amma tana tona yashi, tana yaɗuwa da sauri. A 2024 ƙasar Tailan ta yi fama da ita bayan ta mamaye tafkunan masu kiwon jatan lande. Kifin da aka gaji da shi a mayar wa mai shago ko a ba wani mai kiwo, kada a zuba shi a madatsun ruwan birni.

Gishirin girki ba ya yin wannan aiki, balle kanwa ko manda. Gishirin teku na akwatin kifi ake nema, mai ɗauke da sinadaran kalsiyam da magniziyam, tare da ma'aunin nauyin ruwa, wato densimètre. Yawancin kifayen nan suna zama lafiya tsakanin 1.005 da 1.010, wato kimanin giram 7 zuwa 14 a lita. A narkar da gishirin a bokiti, ba a cikin akwatin ba, ruwan famfo kuma ya kwana biyu a buɗe don kulorin ya fita. Sabon akwati yana buƙatar mako huɗu zuwa shida matatarsa na aiki, ana ɗan jefa abinci, kafin ƙwayoyin halittar da ke cinye dattin kifi su kafu.

Babbar jarrabawa a Wagadugu ita ce bazara. A watannin Maris da Afrilu zafi yana haura digiri 40, alhali kifayen nan 24 zuwa 28 suke so. Ruwa yana tashi ya bar gishirinsa a baya, don haka akwatin da aka haɗa a 1.008 yana ƙara ɗaci kullum ba a sani ba. Abin da ya ƙafe a cike shi da ruwan daɗi zalla. Ruwan gishiri sai lokacin da aka kwashe wani kaso aka canza, kamar kashi ɗaya cikin biyar duk mako biyu. Ruwan zafi kuma iskar shaƙa kaɗan yake riƙewa, gishiri na ƙara rage ta, kuma a wannan lokaci ne wuta ta fi ɗaukewa. Akwati nesa da taga, kifi kaɗan, da ƙaramin injin hura iska mai batir, su ne ke raba mai kiwo da asarar dare ɗaya.