Tsakanin Babatu da Barazana: Iyakar 'Yancin Magana a Intanet

Sashe na 39 na Kundin Tsarin Mulkin Najeriya na 1999 ya bai wa kowa 'yancin faɗar albarkacin bakinsa, sashe na 45 kuma ya yarje wa gwamnati ta taƙaita wannan 'yanci saboda tsaro, zaman lafiya, tarbiyyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, muddin taƙaitawar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya. Saboda haka muhawarar masana shari'a ta daɗe da wuce batun ko magana tana da iyaka, abin da ya rage shi ne wurin da za a shata iyakar da kuma wanda zai shata ta. Lamarin ya fi tsanani a kan babatu, wato maganar da mutum yake zubarwa cikin fushi ba tare da auna kalmominsa ba, domin babatun da a da ake yi a majalisar ƙofar gida iska ce take kwashe shi, waɗanda suka ji kuma sun san mai maganar da halinsa. A intanet kuwa kalmomin suna zama a rubuce, babu murya babu fuska, suna isa ga mutanen da ba da su ake ba, a karanta su bayan watanni a ofishin 'yan sanda. Matsayin wannan maƙala shi ne alhakin laifi ya kamata ya fara ne daga inda magana ta jefa wani cikin tsoron cutarwa ko ta kira a cutar da shi, mai maganar kuma yana sane da haka, domin ɓacin ran mai sauraro kawai bai isa dalilin ɗaure mutum ba.

Hausa da kanta ta rarrabe waɗannan abubuwa tun kafin dokokin zamani, domin zagi daban, habaici daban, zambon mawaƙa daban, kuma babu Bahaushen da zai haɗa ɗayansu da barazana ko zuga. Malaman fiƙihu ma sun tsaya a kan wannan gaɓa a babin ƙazafi, wanda haddinsa bulala tamanin ne: mazhabar Malikiyya ta ɗauki habaicin da ma'anarsa ta fito fili daidai da furuci kai tsaye, yayin da Hanafiyya ba ta tsayar da haddi a kan habaici. Wannan saɓani tsohuwar siga ce ta tambayar da kotunan yau suke fama da ita, wato ko za a hukunta magana bisa yadda aka fahimce ta ko bisa abin da mai ita ya furta ya kuma nufa.

A Amurka tambayar ta fito sarari a shari'ar Anthony Elonis, wanda bayan matarsa ta rabu da shi a 2010 ya riƙa wallafa baitoci a Facebook cikin salon waƙar rap yana siffanta yadda zai kashe ta, daga baya ya haɗa da 'yan makarantar yara da wata jami'ar FBI da ta ziyarce shi. Ya kare kansa da cewa fasaha ce da hanyar huce takaici, amma kotu ta yanke masa ɗaurin wata 44, bisa ma'aunin cewa duk mai hankali zai ga kalmomin a matsayin barazana. A watan Yunin 2015 Kotun Ƙoli, ta bakin Alƙalin Alƙalai John Roberts, ta soke hukuncin da hujjar cewa ba a ɗora wa mutum laifi saboda sakaci kawai, dole a duba abin da ya sani ko ya nufa. Abin lura shi ne Elonis bai tsira ba, domin da aka mayar da shari'ar Kotun Ɗaukaka Ƙara ta sake tabbatar da laifinsa a 2016, tana ganin shaidun sun nuna ya san tsoron da yake jefa matar, musamman da ya ci gaba da rubutun bayan ta samo umarnin kotu na kariya daga gare shi. Wannan ya nuna cewa sharaɗin niyya ba mafaka ba ce ga azzalumi, domin ana gane niyya daga maimaici, da ambaton suna, da ci gaba bayan an yi gargaɗi.

Sai a 2023, a shari'ar Counterman da jihar Colorado, Kotun Ƙolin ta fayyace mafi ƙarancin abin da ake buƙata. Mutumin ya shafe kusan shekara biyu yana aika wa wata mawaƙiya ɗaruruwan saƙonni duk da toshe shi da take yi, har ta riƙa soke wasanninta saboda tsoro. Alƙalai bakwai cikin tara suka goyi bayan soke hukuncinsa, kuma Mai Shari'a Elena Kagan ta bayyana cewa dole masu gabatar da ƙara su tabbatar da ganganci, wato mutum ya san akwai yiwuwar a ɗauki maganarsa a matsayin barazana amma ya yi biris. Wannan ma'auni yana da farashi, kuma waɗanda suka fi biyansa mata ne da ake bibiya, domin tsoron da suke ciki ba ya raguwa don kawai mai saƙon yana ganin soyayya yake nunawa. Duk da haka ganganci shi ne matsakaicin da ya fi kusa da adalci, tunda bai nemi a tono zuciyar mutum ba, bai kuma bar makomarsa a hannun mafi saurin fushi cikin masu karatu ba.

Dokar Najeriya ta bi wata hanya dabam. Sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya haramta saƙon da yake da matuƙar muni, da kuma saƙon ƙarya da aka aika don a fusata wani, ko a takura masa, ko a ci mutuncinsa, ko a jefa shi cikin damuwar da ba ta da dalili, da hukuncin ɗaurin da zai kai shekara uku ko tarar da za ta kai naira miliyan 7. Kalmomin sun yi kama ƙwarai da na sashe na 127 na dokar sadarwar Birtaniya ta 2003, wadda da ita aka hukunta Paul Chambers a 2010 saboda ya rubuta a Twitter cikin takaici cewa zai tarwatsa wani filin jirgin sama da dusar ƙanƙara ta sa aka rufe, hukuncin da Babbar Kotu ta soke a 2012. Indiya ma a da tana da irin wannan tanadi a sashe na 66A na dokarta, kuma Kotun Ƙolinta ta rushe shi a watan Maris na 2015 saboda kalmominsa ba su da takamaimiyar ma'ana. Wata biyu bayan haka Shugaba Goodluck Jonathan ya rattaba hannu a kan dokar Najeriya mai ɗauke da lalurar da Indiya ta yar.

Illar irin wannan tanadi ita ce fushi da cin mutunci abubuwa ne da mai ƙorafi kaɗai yake aunawa, kuma ba kowane mai ƙorafi ne yake da ikon sa 'yan sanda su tsallaka jihohi su kamo mutum ba. Shi ya sa waɗanda aka fi kamawa 'yan jarida ne da matasan da suka taɓa masu mulki ko manyan 'yan kasuwa. Matsalar ma ba ta tsaya ga sashe na 24 ba, domin a watan Nuwamban 2022 an kama wani ɗalibin Jami'ar Tarayya ta Dutse aka kai shi Abuja bisa tuhumar ɓata suna, saboda wani gajeren rubutu da ya yi a kan uwargidan shugaban ƙasa na lokacin, sai a farkon Disamba aka janye ƙarar bayan ƙorafin jama'a ya yi yawa. Rubutun rashin ladabi ne a ma'aunin tarbiyyar Hausa, amma babu ran da ya shiga haɗari saboda shi, kuma kwanakin da ɗalibin ya yi a tsare sun riga sun zama hukunci ko da babu alƙalin da ya same shi da laifi. Tun a farkon shekarun 1980, a shari'ar Arthur Nwankwo wanda ya soki Gwamna Jim Nwobodo a wani littafi, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta nuna cewa mai riƙe da muƙamin jama'a ya kamata ya jure suka, in ya ga an yi masa ƙarya kuma ya shigar da ƙarar neman diyya da kansa.

A 2020 Kotun ECOWAS ta yanke cewa sashe na 24 ya saɓa wa 'yancin faɗar albarkacin baki, ta umarci Najeriya ta gyara shi, kuma gyaran da Shugaba Bola Tinubu ya sanya wa hannu a watan Fabrairun 2024 ya cire batun fusatawa da cin mutunci, ya bar batsa da kuma ƙaryar da aka yaɗa don tayar da hankalin jama'a ko jefa rayuwa cikin haɗari. Ci gaba ne na gaske, sai dai tayar da hankali kalma ce mai faɗi, kuma in ba a yi hattara ba za a iya hukunta mai magana saboda tarzomar waɗanda maganarsa ta fusata, a bar wanda ya ce a fito a yi ƙone-ƙone.

Ƙasar da ta ga abin da jita-jita ta haifar a Kaduna da Jos ba za ta raina haɗarin zuga ba, kuma ba za ta kwafi sassaucin Amurka dungurungum ba. Abin da ya fi dacewa da ita shi ne Tsarin Rabat na 2012 da aka tsara a ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya nemi alƙali ya duba yanayin da aka yi maganar, da matsayin mai ita, da niyyarsa, da sigar kalmomin, da nisan da suka kai, da yiwuwar cutarwa ta auku, kafin ya kira magana tunzurawa. Sharaɗin matsayi shi ne mafi muhimmanci a nan, domin yana nufin ɗan siyasa ko mai wa'azin da dubban mabiya suke jiran umarninsa ya fi cancantar a bincike shi a kan kalma ɗaya ta zuga fiye da ɗalibin da mutum ɗari suke karanta babatunsa. Yadda ake aiwatar da dokar a yanzu ya juya wannan tsari, kuma gyaran 2024 bai tanadi wani sharaɗi da zai tilasta wa ɗan sanda ya nuna wa alƙali wanda maganar ta jefa cikin haɗari kafin ya yi kamu ba.