Daga Kafanchan Zuwa Kurfi: Yadda Intanet ta Al'umma Ta Faro a Arewa

A watan Agustan 2001 ne MTN da Econet suka fara sayar da layin wayar salula a Najeriya, bayan kowannensu ya biya dala miliyan 285 kuɗin lasisi. Wanda ya zuba irin wannan dukiya ba zai fara kafa turke a ƙauye ba. Legas da Abuja da Kano suka nufa, inda uwar kuɗi za ta fi saurin dawowa, garuruwa irin su Kurfi kuwa aka bar su da jira.

A Kafanchan ne aka fara ƙin jiran. Gidauniyar Fantsuam, wadda John Dada da abokan aikinsa suka kafa a 1996, ta kuma yi suna wajen bai wa matan karkara rance, ita ta ƙaddamar da sabis ɗin Zittnet wajen 2007 da tallafin cibiyar IDRC ta Kanada. Faranti guda ke ɗauko intanet daga tauraron ɗan'adam, eriyoyin Wi-Fi da ke kan doguwar hasumiya su rarraba ta zuwa makarantu da asibitoci da shagunan kafe, kowa ya biya ɗan abin da zai riƙe tafiyar. Da yake wutar NEPA ba abin dogaro ba ce, sai aka haɗa da sola da batura. A 2008 guguwa ta kayar da hasumiyar, aka sake ɗaga wata. A ganina wannan sake ɗagawar ta fi ƙaddamarwar muhimmanci, domin yawancin ayyukan tallafi a ƙasar nan faɗuwar farko ce ajalinsu.

Daga baya cibiyar CITAD ta Kano, ƙarƙashin Y. Z. Ya'u, ta karɓi tutar. Da haɗin gwiwar ƙungiyar sadarwa ta ƙasa da ƙasa mai suna APC (ba jam'iyyar siyasa ba) ta buɗe makarantar horar da matasa kan irin wannan sadarwa a 2021, ta jawo mutanen Jama'are da Itas a Jihar Bauchi, tana kuma matsa wa hukumar sadarwa ta NCC lamba ta fito da ƙa'idar da za ta sauƙaƙa wa al'umma mallakar turkensu.

A Jihar Katsina kuwa, a watan Satumban 2021 ne gwamnatin Aminu Bello Masari ta sa aka katse sabis ɗin waya a ƙananan hukumomi 13 saboda 'yan bindiga, har da Kurfi da Dutsin-Ma. Masu POS suka zauna zugum, mai son kiran ɗan'uwansa sai ya shiga mota zuwa Katsina. Ba na cewa turken al'umma zai tsallake irin wannan umarni. Sai dai watannin sun nuna wa mutanen yankin cewa su masu sayen kati ne kawai, ba su da ta cewa a kan abin da kasuwancinsu ya rataya a kai.

Tun 2011 Dutsin-Ma ke da jami'ar tarayya, ga Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita, ga matasan da suka iya haɗa sola. Ya kamata ƙungiyoyin ci gaban Kurfi da Dutsin-Ma su tura 'ya'yansu Kano su koyo aikin a wurin CITAD.