Yadda Lasisi Ya Kawo Waya Lungunan Madabo



Yau yaro a Madabo zai zaro waya ya kira ɗan'uwansa a Makka. Amma ku tambayi iyayenku yadda abin yake kafin 2001. A lokacin, NITEL, kamfanin gwamnati da aka kafa a 1985, shi ke da wuƙa da nama. Layukan da ke aiki a duk Najeriya ba su kai rabin miliyan ba, alhali jama'a sun haura miliyan 100. Wayar girke sai gidan attajiri ko babban ma'aikaci. Talakan cikin birni kuwa, sai wasiƙa ko saƙon baki ta hannun direba.

To me ya sauya? Doka. A 1992 aka kafa hukumar NCC, amma sai a Janairun 2001, zamanin Obasanjo, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a bainar jama'a, kowanne a kan dala miliyan 285. MTN da Econet suka biya, suka fara aiki a watan Agusta. Sai dai an yi musu alƙawarin shekara biyar ba za a cika kasuwar da sababbin kamfanoni ba, don su mayar da kuɗinsu. Da masu sayarwa suka yi kaɗan, sai farashi ya yi sama: layi kaɗai ya kai wajen naira dubu 20, kira kuma naira 50 a minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi.

A 2003 Glo ya shigo da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa. Nan da nan sauran suka bi sahu. Ashe dama za a iya! A 2006 wa'adin ya ƙare, Etisalat ya shigo a 2008, sannan a 2013 aka ba ka damar sauya kamfani ba tare da ka rasa lambarka ba. Daga wannan gasa aka samu kasuwar waya ta Farm Centre, inda matasan Kano da yawa ke cin abinci.

Yanzu fa? MTN ya riƙe kusan rabin kasuwa, wanda ya gaji Etisalat ya yi rauni, kuma a Janairun 2025 NCC ta amince a ƙara farashi da kashi 50. Idan masu gasa suka ragu, kai mai sayen data ne za ka ji a jikinka. Don haka duk ranar da kuka ji ana maganar lasisi, ku kasa kunne, maganar aljihunku ake yi.

Sai mun haɗu a shiri na gaba.